Wane garin bakin teku ya dace da iyali a Sifaniya?

Tambaya: Ina shirin zuwa hutun mako guda a Sifaniya tare da mai ɗakina da 'ya'yanmu biyu. Ba ma sha'awar wuraren da dogayen otal-otal suka cika; tsohon gari muke nema a bakin teku, mai tarihi, wanda mutanensa na asali suke zaune a cikinsa. Wane gari za ka ba mu shawara, wane lokaci ya fi dacewa, kuma yaya batun abinci da salla?

Amsa: Malam, shawarata ita ce ku nufi Tarifa, a lardin Kadis na yankin Andalus, can ƙurewar kudancin Sifaniya. Na daɗe ina tsara wa mutane tafiye-tafiye zuwa wannan yanki, kuma na kwana a garin da rani da hunturu, saboda haka abin da zan faɗa maka ya haɗa da alherinsa da kuma wahalarsa. Ma'aunin da nake amfani da shi wajen gane garin gargajiya guda ɗaya ne, wato idan baƙi suka watse a ƙarshen hutu, shin akwai sauran sana'a da kasuwa da makaranta da tsofaffi masu hira a dandali, ko kuwa gidajen rufe su ake yi sai baɗi? Garuruwa da dama a gaɓar Malaga sun faɗi wannan jarrabawa tun shekarun 1960 da aka fara jera musu benaye a bakin ruwa. Tarifa, mai mutane kimanin 18,000, ta tsira da kamanninta, kuma babban abin da ya tsirar da ita shi ne iska, wadda zan dawo kanta domin ita ce za ta yanke maka ranar tafiya.

Garin yana kan mashigin ruwan Jibralta, inda Bahar Rum ya haɗu da Tekun Atlantika. Tsakaninsa da gaɓar Maroko kilomita 14 ne kacal a wurin da mashigin ya fi tsukewa, har idan gari ya yi garau kana iya hango fararen gidaje da Dutsen Musa a ɗaya ƙetaren, da dare kuma ka ga fitilun motoci suna tafiya a nahiyar Afirka. Akwai wani ɗan tsibiri a gaban garin da aka haɗe shi da tudu ta hanyar gina masa hanya a 1808, kuma ƙarshensa shi ne wuri mafi kudu a dunƙulalliyar ƙasar Turai. Idan ka tsaya a kan wannan hanya kana fuskantar tsibirin, Bahar Rum yana hagunka, Atlantika yana damanka, kuma sau da yawa za ka ga ɗaya a kwance lumui ɗaya yana tumbatsa. Yara suna son wurin ƙwarai.

Sunan garin kansa daga tarihin Musulunci ya fito. A shekarar 710 wani kwamanda mai suna Ɗarif bin Malik ya ƙetaro daga Arewacin Afirka da 'yar ƙaramar runduna ya sauka a nan domin leƙen asiri, shekara guda kafin Ɗariƙ bin Ziyad ya ƙetara da babbar rundunar da ta buɗe Andalus a 711. Katafaren sansanin da ke kallon tashar jiragen ruwa, Halifa Abdurrahman na uku na Ƙurɗuba ne ya sa aka gina shi a 960 domin tsaron mashigin, kuma har yanzu akwai allon dutse mai rubutun Larabci da ke shaida haka a kan ɗaya daga cikin ƙofofinsa. Garin ya kasance a hannun Musulmi fiye da shekara 500, sai a 1292 Sarki Sancho na huɗu na Kastila, masarautar Kiristoci ta Sifaniya, ya ci shi da yaƙi. Mutanen garin ba da sunan halifan suke kiran sansanin ba, da sunan Guzman el Bueno suke kiransa, shi ne kwamandan da ya riƙe shi a 1294 lokacin da dakarun Banu Marin, masu mulkin Maroko a wancan zamani, tare da ƙanin sarkin Kastila wanda ya yi wa yayansa tawaye, suka kewaye garin. Labarin da ake bayarwa shi ne an kama ɗan Guzman aka ce ko ya miƙa gari ko a yanka yaron, sai ya jefo musu wuƙarsa daga kan hasumiya. Za ka ga mutum-mutuminsa riƙe da wuƙa a dandalin Alameda. Ina ba ka shawara ka shiga sansanin da yaranka ka ba su labarin duka ɓangarorin biyu, domin wanda ya gina da wanda ya tsare duk sun bar sawunsu a jikin bango ɗaya.

Abin da ya fi kama zuciyata a Tarifa shi ne cikin ganuwa. Ana shiga ta Ƙofar Heres, wadda ita kaɗai ta rage daga tsofaffin ƙofofin garin, daga nan sai lunguna su yi ta karkacewa suna gangarawa zuwa bakin ruwa, gidaje duk an shafe su da farar ƙasa, tagogi da ƙarafa, ƙasa kuma daɓen duwatsu. An tsuke lungunan ne da gangan domin su ba da inuwa su kuma karya ƙarfin iska. Wanda ya tashi a cikin birnin Kano ko Zariya ko Damagaram zai gane tsarin gidajen nan da nan: daga titi sai ka shiga wani ɗaki na farko da suke kira saguwan, wanda aikinsa ya yi kama da na zaure, bayansa kuma tsakar gida ce mai tukwanen furanni, wani lokaci da rijiya, inda rayuwar iyali take a ɓoye daga idon mai wucewa. Kalmar saguwan daga Larabci ta samo asali, haka ma sunayen da suke kiran man zaitun da shinkafa da sukari. Ka je kasuwar garin da safe, wajen ƙarfe tara zuwa goma, lokacin da matan gari suke sayen kifin da aka kamo, domin a nan ne za ka ga mutanen Tarifa na ainihi, kafin masu yawon buɗe ido su farka.

Yanzu batun iska. Iri biyu ce take mulkin garin, kuma kowane ɗan gari da sunanta yake kiranta kamar maƙwabciya. Lebante daga gabas take tasowa, tana matsowa ta mashigin da ƙarfi kamar an hura ta cikin bututu, tana iya yin kwana uku ko biyar ko fiye ba ta tsagaita ba, tana ɗebo rairayi tana watsa wa mutum a ƙafa da ido har zama a bakin teku ya gagara, wani lokaci ma a dakatar da jiragen fito. Poniyente daga yamma take zuwa, daga Atlantika, tana da sanyi da laushi, kuma ita ce take share sararin sama har a ga Maroko tar. Saboda wannan iska ne masu gina manyan otal-otal suka kauce wa garin shekara da shekaru, kuma saboda ita ne daga baya matasan Turai suka mai da shi matattarar wasan zamiya a kan ruwa, inda wata babbar laima da iska ke ja take jan mutum a kan allo. Tuddan da ke bayan gari kuwa cike suke da manyan fankokin samar da wutar lantarki. Abin da wannan yake nufi gare ka shi ne kada ka tsara makonka a kan kwanciya bakin ruwa kullum. Ka riƙa duba hasashen iska kowace safiya, ranar poniyente ku tafi teku, ranar lebante ku zauna cikin ganuwa ko ku yi balaguro zuwa wani gari.

Game da lokaci, ka guji watan Agusta da rabin ƙarshe na Yuli idan kana da zaɓi. A lokacin ne Sifaniyawa da kansu suke hutu, garin yana cika maƙil, kuɗin masauki yana tashi sosai, hanyar da ta bi gaɓar teku tana cushewa, kuma mashayun cikin tsohon gari ba sa yin shiru sai goshin asuba. Lokuta biyu na fi so. Na farko daga tsakiyar Mayu zuwa ƙarshen Yuni, na biyu kuma Satumba. Zafi ba matsala ba ne a Tarifa, domin ko a tsakiyar bazararsu da wuya ya kai abin da ake sha a garuruwan cikin ƙasa irin su Ishbiliya da Ƙurɗuba, inda yake haura digiri 40. Ku tafi da rigunan sanyi marasa nauyi saboda yamma. Idan kuka zo a farkon Satumba za ku tarar da bikin garin na shekara, wanda ake buɗewa da jerin gwanon ɗaruruwan mahaya dawaki suna rako gunkin da Kiristocin Katolika na garin suke girmamawa daga wani wurin ibada a bayan gari. Biki ne na addininsu, amma kallon dawaki da adon mahayan a bakin titi a buɗe yake ga kowa.

Dalilin da ya sa na fifita Mayu da Yuni shi ne kamun kifin tuna. Kowace shekara a wannan lokaci manyan tuna, waɗanda ɗaya kan haura kilo 200, suna shigowa daga Atlantika zuwa Bahar Rum domin yin ƙwai, kuma dole su bi ta wannan mashigi. Masunta suna kafa musu wani tarko na taru mai ɗakuna-ɗakuna a cikin ruwa, an ɗaure shi da anka da igiyoyi, kifin ya shiga ya yi ta bin bango har ya faɗa ɗakin ƙarshe, sai jirage su kewaye shi. Sunan wannan dabara almadraba, daga kalmar Larabci mai ma'anar wurin duka, kuma asalin sana'ar ya girmi zuwan Larabawa, domin tun zamanin Finisiyawa, mutanen dā na gaɓar Labanan, da Rumawa ake kama tuna a wannan gaɓa. Garuruwa huɗu ne suka rage da ita a lardin Kadis: Konil da Barbate da Sahara de los Atunes da Tarifa. Ana fiɗar kifin gunduwa-gunduwa kamar yadda mahauci yake fiɗar sa, kowane yanki da sunansa da farashinsa da yadda ake dafa shi, kuma naman ja ne kamar na shanu. Wanda bai taɓa cin tuna ba sai na gwangwani zai yi mamakin bambancin.

Wannan ya kawo mu ga abinci, kuma a nan nake so ka natsu. Sifaniya ƙasa ce da naman alade ya shiga kusan ko'ina a girkinta, amma garin masunta yana sauƙaƙa wa Musulmi al'amari fiye da garin cikin ƙasa. Soyayyen kifi da ake turbuɗawa a gari a soya da man zaitun, gasasshen kifi, wainar ƙananan jatan lande, wainar ƙwai da dankalin Turawa, da miyar tumatir mai sanyi da ake kira gazpacho, duk suna nan a yalwace. Kalmomin da za ka haddace a rubuce su ne cerdo, wato alade. Jamón, busasshen cinyar alade. Chorizo da tocino, su ma na alade ne. Sai manteca, wato kitsen alade. Wannan ta ƙarshe ita ce ta fi yaudarar mutane, domin akwai wani sanannen girkin yankin mai suna atún en manteca, wanda tuna ne amma a cikin kitsen alade aka dafa shi, kuma wasu kayan zaƙi na gargajiya da shi ake kwaɓa su. Haka nan miyar salmorejo, wadda tumatir ce da burodi, a al'ada ana barbaɗa mata jamón a sama, don haka sai ka ce sin jamón tun wajen oda. Ka tambaya kuma ko an sa vino, wato giya, a cikin romo. Masu hidima a gidajen abinci sun saba da irin wannan tambaya saboda yawan 'yan Maroko da ke bi ta garin, kuma akwai gidajen abincin Maroko a cikin ganuwa. Naman halal na dafawa ya fi samuwa a Aljesiras, mai nisan kilomita kusan 22, inda Musulmi suke da yawa, kuma can nake tura mutane sallar Juma'a.

Agogon Sifaniya zai rikita ku kwana biyu na farko. Da bazara suna gaban Najeriya da Nijar da awa ɗaya, kuma da yake Tarifa tana can yamma, rana tana daɗewa ba ta faɗi ba. A watan Yuni azahar tana shiga bayan ƙarfe biyu, magariba wajen goma saura kwata na dare, isha'i kuma sai bayan sha ɗaya. Alƙibla tana gabas, ta ɗan karkata kudu kaɗan, saɓanin yadda muka saba a ƙasar Hausa inda take karkata arewa. Cin abinci ma haka yake: na rana daga ƙarfe biyu zuwa huɗu, na dare daga tara. Ƙananan kantuna suna rufewa da rana domin ƙailula su sake buɗewa wajen biyar da rabi, ranar Lahadi kuma da yawa ba sa buɗewa. Shi ya sa nake ba iyali shawarar kama gida mai kicin maimakon ɗakin otal, domin yaro ba zai jira ƙarfe tara ba. Idan kuna so ku rage kashe kuɗi, ku mai da abincin rana babban cinku, ku nemi abin da ake kira menú del día, wato cin rana mai kashi biyu da kayan zaƙi a kan farashi guda.

Bakin ruwa mafi dacewa da ƙananan yara shi ne Playa Chica, ƙaramin wuri a gefen Bahar Rum kusa da hanyar tsibirin. Los Lances, a gefen Atlantika, farin rairayi ne mai tsawon kilomita da dama, yana da kyau ga tattaki da yamma. Ruwan yana da sanyi ko da bazara, kuma yana da ja, saboda haka ku kula da tutar masu ceto: kore a shiga, rawaya a yi hattara, ja kada a shiga. Lambar neman agaji ita ce 112. Ya kamata kuma ku sani tun daga gida cewa shigar mutane a bakin teku ta yi nisa ƙwarai da abin da muka saba, har akwai keɓaɓɓun wurare da wasu ke tuɓewa gaba ɗaya. Da sassafe zuwa ƙarfe sha ɗaya wurin kusan fayau yake, kuma ba a hana mace shiga ruwa da suturar da ta rufe jikinta.

Ku ware yini guda domin Boloniya, tafiyar kusan rabin awa a mota, inda kufan garin Rumawa mai suna Baelo Claudia yake a bakin ruwa, da ginshiƙansa da gidan wasan kwaikwayo da ramukan da ake jiƙa kifi a gishiri ana kai shi sassan daular Rum kusan shekara 2,000 da suka wuce. Ba a buɗe shi ranar Litinin. Idan a Satumba kuka zo, ku hau tuddan da ke kan hanyar Aljesiras ku kalli ƙaurar tsuntsaye: dubban shirwa da gaggafa da wasu fararen dangin shamuwa suna taruwa a sama suna jiran iska ta ba su dama su ƙetara zuwa Afirka, kuma da yawansu a yankin Sahel suke cin rani. Daga tashar jiragen ruwa kuma akwai ƙananan jirage masu fita da mutane kallon dolfin da manyan danginsu.

Tarifa ba ta da filin jirgin sama ko tashar jirgin ƙasa. Hanya mafi sauƙi ita ce ku sauka a Malaga, ta Kasablanka ko Istanbul, daga nan tafiyar kilomita kusan 160 ce a bas ko motar haya, yawanci ta Aljesiras. Bizar Shengen kuke bukata, kuɗinta yuro 90 ga babba tun Yunin 2024, tare da inshorar lafiya da ta kai yuro 30,000, kuma ana iya nema tun wata shida kafin tafiya, don haka kada ku jinkirta. Za ku ga jirgin fito yana kai mutane birnin Tanja na Maroko cikin kusan awa guda, sha'awa kuma za ta kama ku. Kafin ka sayi tikiti ka tabbatar da abu biyu: mai fasfon Najeriya yana bukatar bizar Maroko, sannan idan bizarku ta Shengen ta shiga sau ɗaya ce, da kun ƙetara ta ƙare, ba za a bar ku ku dawo Sifaniya ba. Jibralta ma, wadda take ƙarƙashin Birtaniya tun 1713, sai ka binciki ƙa'idojin shigarta kafin ku je. Ku riƙa yawo da fasfo, domin gari ne na kan iyaka kuma 'yan sanda suna iya tambaya.

Akwai abin da ba na iya tsallakewa idan ina magana a kan wannan gari. Ruwan nan da za ku kalla yana da kyau shi ne ya ci rayukan ɗimbin 'yan Afirka da suka yi ƙoƙarin ƙetarawa a ƙananan kwale-kwale, tun daga Nuwamban 1988 da aka fara tsintar gawa a rairayin Los Lances. A maƙabartar garin akwai kaburburan da ba su da suna. Duk lokacin da na je nakan ɗauki rabin awa in yi musu addu'a, kuma ina ganin ya dace babban yaro ya san wannan ɓangare na tarihin wurin.

Wajen kama masauki, ka nemi gidan da yake gefen tsohon gari, kusa da ganuwa ko ɗan waje da Ƙofar Heres, domin ku samu kusanci da lunguna ba tare da hayaniyar dare ta hana yara barci ba. Ka tambayi mai gidan ko tagar ɗakin kwana tana kallon tsakar gida ne ko titi, ka zaɓi mai kallon tsakar gida. Mota ba ta da amfani a cikin ganuwa, wurin ajiye ta ma wahala ne, saboda haka ka yi hayarta na kwana biyu kawai, ɗaya domin Boloniya, ɗaya domin Juma'a a Aljesiras da sayayyar nama, sauran kwanakin kuma ƙafa ta ishe ku.